Abin da '30M' ke nufi a bayan agogonka, da dalilin da ya sa ruwa ke shigarsa

Rubutun da ke bayan yawancin agogunan hannu gajere ne: "Water Resistant 30M". Mai saye yakan ɗauka cewa an yi masa alkawarin agogon zai jure nutso har zurfin mita 30, mai sayarwa kuma ba kasafai yake gyara masa wannan fahimta ba. Gaskiyar magana ita ce, a jadawalin da akasarin kamfanoni ke fitarwa, irin wannan agogo bai dace a yi ko iyo da shi ba. Iyakarsa yayyafi da fantsamar ruwa wajen wanke hannu.

Lambar ba zurfi take nufi ba, matsi take nufi. Duk mita 10 da aka nutsa a ruwa, matsin da ke kan abu yana ƙaruwa da kimanin ma'auni ɗaya, wanda ake rubutawa ATM ko bar. Don haka 30M da 3 ATM da 3 bar duk abu guda ne. Ana yin gwajin a ɗakin bincike, da sabon agogo, cikin ruwan da ba ya motsi, na 'yan mintuna. Babu sabulu, babu zufa, babu faɗuwa ƙasa, babu shekaru uku na ƙurar hunturu.

Ƙa'idoji biyu na hukumar ISO ne ke tafiyar da lamarin, kuma a tsakaninsu ne mai saye ke ruɗewa. ISO 22810, wadda aka fitar a 2010, ita ce ta agogunan yau da kullum. Ba ta wajabta a gwada kowane agogo ba. Kamfani na iya gwada samfuri daga cikin waɗanda ya ƙera, kuma shi aka bar wa alhakin bayyana irin amfanin da ya dace da kayansa. ISO 6425 kuwa ta masu nutso ce, ta kuma fi tsauri nesa ba kusa ba: mafi ƙaranci mita 100, ana gwada kowane agogo ɗaya bayan ɗaya, a matsin da ya zarce wanda aka rubuta da kashi 25 cikin 100. Irin waɗannan ne ke ɗauke da kalmar "Diver's". Kalmar "waterproof", mai nufin ruwa ba ya shiga ko kaɗan, an daɗe da hana amfani da ita a ƙa'idar ƙasa da ƙasa, domin babu agogon da zai cika wannan alkawari har abada. Ganin ta a jikin agogon zamani dalili ne na yin shakka.

A aikace, 50M yakan jure iyo marar zurfi, ko da yake kamfanoni sun saɓa a kan hakan. 100M ya isa iyo sosai. Nutso da tukunyar iska sai mai alamar "Diver's".

Abin da ke tare ruwan kuwa ba ƙarfen ba ne. Wasu siraran zobban roba ne da ke zaune a ƙarƙashin murfin baya, da gefen gilashi, da jikin ɗan maɓallin saita lokaci. Roba tana bushewa, tana tsagewa. Zafi da sabulu da turare suna gaggauta mutuwarta. Ga wanda ke alwala sau biyar a rana da agogo a hannu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ruwan wanke hannu zuwa gwiwa yana bi ta kansa kai tsaye, kullum. Wuri mafi haɗari kuma shi ne teburin mai gyara. Duk lokacin da aka buɗe murfi don canza batir, zoben na iya gocewa ko ya tsinke, kuma in ba a sake gwada agogon da na'urar matsi ba, lambar da ke bayansa ta zama tarihi. Raɓar da ta kwanta a cikin gilashi ta ƙi bushewa alama ce cewa ruwa ya riga ya shiga, tsatsa na tafe.

Agogunan zamani masu haɗuwa da waya sun ƙaro wani ruɗanin. Alamar IP67 na nufin jure zurfin mita ɗaya na minti 30 a ruwa mai tsafta. IP68 ta zarce haka, amma kamfanin ne ke yanke iyakarta. Ko ɗaya ba ta kai 5 ATM tabbaci ba wajen iyo.

Sai batun jabu. Buga "200M" a kan murfi ba ya buƙatar gwaji ko izini, injin zane kawai yake buƙata. A Najeriya, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta haramta yaudarar mai saye game da ingancin kaya. Sai dai wanda ya sayi agogo a kan tire, ba rasit ba takardar garanti, da wuya ya samu abin da zai riƙe ya kai ƙara. Ko mai takardar ma ya kamata ya karanta ta da kyau, domin kamfanoni da dama ba sa ɗaukar nauyin ɓarnar ruwa idan an yi amfani da agogon fiye da abin da jadawalinsu ya yarda, ko kuma wani da ba wakilinsu ba ya taɓa buɗe shi.