Bayani Kan Tayar Keke Idan Ta Yanke

Maganarmu ta yau a kan keke take, domin har gobe a kansa buhuna da yawa ke fitowa daga ƙauye zuwa bakin titi, kafin mota ta kwasa ta nufi Dawanau. Sau da yawa mukan ji ana gardama a rumfar mai faci: taya ta yanke, a gyara ta ko a sayi sabuwa?

Mu fara rarrabe tub da taya. Tub shi ke riƙe iska. In tsidau ko ƙayar aduwa ta huda shi, a kankare wurin, a shafa sholisho, a bari ya sha iska, a manna faci, shi ke nan. Taya kuwa sha'aninta dabam. Robar da ido ke gani a waje riga ce kawai. Ƙarƙashinta akwai saƙar zare, a bakinta biyu kuma akwai waya wadda ke kama rim. Wannan zaren shi ke tare tub kada ya kumbura ya fashe, shi ke ɗauke da nauyin mutum da na buhu. Saboda haka in taya ta yanke, zaren za a duba.

Ga yadda muke yi. A cire tayar daga rim, a wanke wurin, a juya cikinta waje, a lanƙwasa daidai yankan a cikin haske. In yankan ya tsaya a roba, zare bai taɓu ba, to a zaƙulo kwalba ko tsakuwar da ta maƙale, a mayar a ci gaba da aiki. In ya ratsa zare amma bai fi ƙwayar wake ba, kuma a tsakiyar taya yake inda take taka ƙasa, ana iya yi masa majingini daga ciki. A yanko ƙyallen tsohuwar taya mai zare, a cire mata waya, a shimfiɗa ya zarce yankan ta kowane gefe. Facin tub ba ya wannan aiki, don roba ce zalla, miƙewa take yi.

Kana a hura iska sosai, a juya ƙafar keken a hankali ana kallo. In wurin ya yi ƙulu, ko bakin yankan ya buɗe, ko tayar ta karkace a nan, to zaren ya saki, kwananta ya ƙare. Ko ba a ga komai ba a sake dubawa bayan an yi tafiya da kaya, domin abin da ya riƙe a inuwar rumfa ba lalle ya riƙe a kan kwalta da tsakar rana ba. Zafi na ƙara wa iska ƙarfi, yana kuma sassauta sholisho.

Yankan gefe ya fi sharri. Robar nan siririya ce, kuma duk zagaye sai gefen ya lotsa ya miƙe, balle an ɗora buhu mai kilo 100 a kariya. Gyaran gefe na kai mutum gida ne kurum. In kuwa wayar baki ce ta tsinke ko ta fito fili, babu zancen gyara sam, tayar za ta iya zamewa daga rim ana cikin gudu.

Mun sha ganin masu ɗinke taya da zare, da masu naɗe ta da tsohon tub har da rim. Wannan na biyu mun fi tsoronsa, domin birkin manyan kekuna irin su Raleigh da Phoenix a jikin rim yake kamawa, naɗin kuwa sai ya tokare shi. Mu ma mun taɓa ƙyale yaronmu ya fita da irin wannan don ƙyashin kuɗin taya. A gangare ta fashe, buhun gero ya tsage a kan yashi, abin da aka rairaye ya dawo bai kai rabi ba, ga yaro da targaɗe sati biyu ba aiki. Geron da ya zube kaɗai ya fi kuɗin taya.

In dole sai an yi amfani da mai gyara, kada a sa ta a gaba. Ta baya in ta fashe mutum kan iya tsayawa, ta gaba kuwa kifar da shi take yi. Amma fa baya nan nauyi yake, don haka a rage kaya har a sauya ta. A kuma riƙa cika iska, domin taya mai laushi a ƙarƙashin buhu rim ke cin gefenta.

Ku dillalan keke, in akwai majingini a cikin taya ku faɗa wa mai saye kafin a yi sallama, a rage masa kuɗin sabuwa. Mai sayen sabuwa kuma ya matsa gefenta da yatsa, in ta nuna tsage-tsage to ta daɗe a rana. Ya karanta lambar da ke jikin tsohuwarsa, manyan kekunan ɗaukar kaya galibi 28 x 1½ suke ci, ta 26 ba za ta hau ba.