Maraɗi: Yadda Ƴan Ajin Ƙarshe Suka Ƙetare Shekarar Korona

A Maraɗi, dattawa sukan ƙidaya zamani da abin da ya faru a cikinsa. Akwai shekarar da ruwa ya ci tsohon gari a 1945, har aka tashi aka koma kan tudu. Akwai shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa a 1994, wadda har gobe ƴan kasuwa ba su manta da ita ba. Su ma ƴan lakwal suna da tasu, ita ce 2020, shekarar korona. Waɗanda ta fi taɓawa kuwa su ne ƴan tarminal, watau ajin ƙarshe na lise, waɗanda suka share shekara goma sha biyu bisa benci, suna cikin ta goma sha uku, saura ƴan watanni su zauna jarrabawar bak, sai aka ce kowa ya tafi gida.

Ranar da aka rufe ƙofa

Ran 17 ga watan Maris 2020, shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya yi wa al'umma jawabi ya bayyana matakan kariya: a rufe filayen jiragen sama na Yamai da Damagaram, a rufe iyakokin ƙasa, a hana taron da ya wuce mutum 50, a kuma rufe makarantu duka, daga na ƙananan yara har jami'o'i, tun daga 20 ga wata. Kwana biyu bayan jawabin, ran 19 ga Maris, aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar a Yamai. Ran 27 ga wata aka kafa dokar ta-ɓaci ta kiwon lafiya, aka killace babban birni.

Da farko an ce mako biyu ne, amma ana iya ƙarawa. Saboda haka yawancin ɗalibai, a lise Ɗan Baskore da sauran makarantun gwamnati da na kuɗi, sun ɗauki abin a kan bakansi ne da ya zo da wuri. Mako biyu suka wuce, aka ƙara. Watan Afrilu ya shiga ya fita, azumi ya kama, aka yi ƙaramar salla, ƙofofin azuzuwa suna garƙame. Sai 1 ga watan Yuni aka buɗe su. In aka ƙirga, kwana 73 ke nan. Ga ɗan aji ɗaya wannan hutu ne mai daɗi. Ga ɗan tarminal kuwa tsakiyar shekara ce aka yanke, daidai lokacin da malamai ke ƙoƙarin ƙare manhaja su shiga bita.

Ma'aikatan da suka yi lise ko jami'a a shekarun 1990 sun san abin da ke cikin zukatan yaran, don su ma sun ɗanɗani farar shekara, wadda yajin aiki da rikicin makarantu suka sa aka soke ta ɗungum, kowa ya maimaita ajinsa. Wannan tsoro ne ya shiga gidaje da yawa a watan Afrilu 2020. Bai zama tsoron banza ba, domin a watan Yuli na shekarar ƙasar Kenya ta yi shelar cewa shekararta ta karatu ta tashi, kafin daga baya ta sake shawara ta ɗage jarrabawarta zuwa 2021.

Kowa ya koma inda ya fito

Doka ɗaya aka kafa wa kowa, amma ba ta sami kowa a wuri ɗaya ba. Ɗan babban ma'aikaci ko ɗan alhajin kasuwa da ke unguwar Ali Ɗan Sofo ko Zariya yana da ɗaki nasa, da fitila, da salula mai intanet, wani lokaci har da mushen da ake biya ya zo gida ya yi masa lissafi da kimiyya. Wasu malamai sun buɗe zaure a WhatsApp suna aika darasi da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Wanda ke da kuɗin sayen katin waya ya amfana. Shi ma ɗin dai sai ya yi fama da zafin Afrilu da Mayu, wanda kan haura digiri 40, da ɗaukewar wutar lantarki, ga kuma ƙishirwar azumi.

Labarin ɗan ƙauye daban ne. Da yawa daga cikin ƴan lise na Maraɗi ba ƴan birni ba ne. Daga Tibiri suke, ko Jiratawa, ko garuruwan da ke kewaye da su, suna zaune a gidan dangi ko na wani mai masauki wanda ya karɓe su saboda zumunci. Da aka rufe makaranta, zaman ya rasa dalili, kuma mai masaukin kansa yana neman yadda zai ciyar da nasa. Sai yaro ya ɗaure littattafansa ya hau kabu-kabu ya koma gida.

Tibiri, fadar Gobir, ba ta da nisa da Maraɗi, Jiratawa ma haka, kowacce tafiyar ƴan mintoci ce a kan babur. Amma ɗan tarminal da ya koma Jiratawa ya tarar da aikin fadama yana jiransa: ban ruwa a filin noman rani, tsinkar zogale, ɗaurawa, kai wa masu saye. Wanda ya koma Tibiri ya tarar da sharar gona da kai taki, don damina na tafe. Uba ba ya kallon saurayi mai ƙarfi zaune da takarda a hannu alhali makaranta a rufe take, ba a kuma san ranar buɗe ta ba. Karatu ya koma na dare, da tocila, bayan jiki ya gaji.

Abin da ya fi ciwo shi ne watsewar ƙungiyoyin bita. Duk wanda ya yi bak a ƙasar nan ya san cewa rabin karatun ajin ƙarshe a wajen aji ake yin sa: mutum biyar ko shida su sami allo da alli, su jingina shi a bango ƙarƙashin fitilar titi ko cikin farfajiyar makaranta, a ɗora shayi, wanda ya gane ya koya wa wanda bai gane ba, har dare ya raba. A nan ne ɗan talaka wanda ba shi da littafi yake cin moriyar littafin abokinsa. Korona ta raba su, ta bar kowa da abin da ke cikin jakarsa.

Ƴan mata sun fi kowa shiga haɗari. A Nijar, kusan mace uku cikin huɗu ake aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma jihar Maraɗi tana cikin waɗanda abin ya fi yawa. Yarinyar da ta kai tarminal ta riga ta tsallake shingaye masu yawa, kuma sau da dama abin da ke kare ta shi ne kalma guda da uwa ko uba ke faɗa wa masu zuwa tambaya: a bari ta gama. Da aka rufe makaranta ba ranar buɗewa, wannan kalma ta yi rauni.

Kasuwa ta yi sanyi, lakwal ta ji a jikinta

Annobar ta tarar da Maraɗi da ciwo a jiki. Tun watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina ta mutu, kuma kowa ya san cewa da wannan hanya birnin ke numfashi. Sai a watan Disamba 2020 aka fara buɗe wasu ƙofofin. Saboda haka lokacin da korona ta zo, ɗan kasuwa ya riga ya yi wata bakwai yana cin uwar kuɗi.

Wannan ya shafi karatu kai tsaye. Makarantun kuɗi, waɗanda suka yawaita a birnin, da kuɗin iyaye suke biyan malamai, kuma iyaye da yawa kashi-kashi suke biya. Da aka rufe aji, uba ya riƙe ragowar kashinsa, mai makaranta ya rasa abin biya, malamin da ake biya bisa awowin da ya koyar ya wayi gari ba ko dala. Masu sayar da abinci a bakin makaranta, da masu buga takardu, da ƴan kabu-kabu masu jigilar ɗalibai, duk sun gane a watannin nan cewa lakwal ma kasuwa ce.

Komawa aji da ruwan farko

Ran 13 ga Mayu aka buɗe masallatai, ran 1 ga Yuni aka buɗe makarantu, tare da umurnin wanke hannu da sabulu a bakin ƙofa, da ɗaura ƙyallen rufe baki da hanci, da ba da tazara. Na farko da na biyu an gwada. Na uku kuwa, ajin da mutum uku ke zama kan benci ɗaya ba shi da inda zai samo tazara. Ga zafi, ga ƙyalle a fuska, ga malami yana ƙoƙarin a ji muryarsa daga bayan aji.

Makonni kaɗan suka rage a cike giɓin kwana 73. Malamai suka shiga gudu, darasin mako guda a yi shi kwana biyu, a bar bayani a koma shifta. Ɗalibin da ya samu ya yi karatu a gida, bita ce ya yi. Wanda ya dawo daga fadama da kanta a hannu kuwa, farkon jin darasin ke nan. A aji ɗaya suke, malami ɗaya ke gabansu, amma tazarar da aka kasa samu a kan benci ta samu a cikin kawunansu.

Sannan ga damina. An tsara shekarar karatu ne ta yadda za a sallami yara kafin ruwa ya zauna, domin azuzuwan zana ba sa jure iska da ruwa, kuma gona tana bukatar hannu. A 2020 tsarin ya birkice. Ranar da aka yi ruwan shuka, uba a Tibiri yana son ɗansa a gona da sassafe, malami a Maraɗi yana son sa a aji. Wasu iyaye sun ɗauki ƴan ƙwadago da kuɗin da ba su da shi don yaro ya zauna ya yi karatu. Irin wannan sadaukarwa ba ta shiga rahoton kowace ma'aikata.

Bak a tsakiyar damina

A al'ada, zuwa watan Yuli an gama bak. A 2020 sai watan Agusta aka yi jarrabawar bepese, sannan a tsakiyar watan aka shiga bak, bayan babbar salla da ta kama ƙarshen Yuli. Faransa, inda aka gaji jarrabawar, ta soke zaman rubutawa a shekarar, ta ba da shaida bisa makin da ɗalibi ya tara a aji. Nijar ba ta bi wannan hanya ba, ta ɗage lokaci ta sa aka zauna aka rubuta. Najeriya ma haka ta yi, ta fara jarrabawar WAEC ran 17 ga Agusta. Wannan shawara ta kare mutuncin takardar, domin ba mai iya cewa ɗan bak na 2020 kyauta aka ba shi.

Sai dai Agusta wata ne mai nauyi. Shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon gero bai nuna ba, hatsi ya yi tsada, sauro ya yi yawa, zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da gida guda. Daminar 2020 kuma ta zo da ambaliya mai tsanani a faɗin ƙasa, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki, gidajen ƙasa suka rurrushe. Ɗan takara ya kwana yana tare yoyo, ya tashi ya ratsa taɓo, ya isa cibiyar jarrabawa kafin a rufe ƙofa, da takardar kira da katin shaida a cikin leda.

Ranar kiran suna

A Amurka da wasu ƙasashe, abin da ɗalibai suka yi kukan rasawa a 2020 shi ne bikin yaye su, da doguwar riga da hula. A Maraɗi bikin ɗan lise ɗaya ne, shi ne ranar da shugaban alkalan jarrabawa zai fito da takarda a hannu ya kira sunaye. Wanda ya sami maki 10 bisa 20 ya wuce. Wanda ya kusa, a ba shi dama a zagaye na biyu. Wanda bai ji sunansa ba ya sunkuyar da kai ya nemi ƙofa. A wannan rana ba dokar da ke hana uwa rangaɗa guɗa, ba ƙyallen da ke ɓoye hawaye. Daga nan sai gida, a shimfiɗa tabarma, a kawo lemo, maƙwabta su shigo barka, malam ya yi addu'a.

Waɗanda suka ci sun kama hanyar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo da ke nan Maraɗi, ko ta Abdu Mumuni a Yamai, ko makarantun koyon sana'a. Waɗanda suka faɗi ba su sami hutun kirki ba, don a tsakiyar Oktoba aka koma sabuwar shekara. Akwai kuma kashi na uku, waɗanda ba a kira sunansu ba domin ba su zauna jarrabawar ba: wanda ya tafi ci-rani bai dawo ba, da wadda aka ɗaura wa aure. Su ne asarar shekarar ta gaskiya, kuma ba sa cikin lissafin waɗanda suka ci ko suka faɗi.

A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage matakin gaggawa da ta sa a kan korona. Cutar ba ta yi wa Nijar ɓarnar da aka ji tsoro ba, ko da yake ta ɗauki rayuka, har da na ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar a watan Mayu 2020. Amma abin da ya rufe makaranta sau ɗaya yana iya sake rufe ta, ko annoba ce, ko ambaliya, ko rashin tsaro. Ma'aikacin da ke tsara kalandar karatu ya kamata ya tanadi hanyar da darasi zai kai ga yaron da ba shi da intanet, kuma rediyo na nan a gidaje da yawa. Alhajin da Allah ya hore wa, in ya gina ɗakin karatu mai fitila a Tibiri ko Jiratawa, ko ya riƙe ɗalibi ɗaya a gidansa har ya gama, ya yi abin da za a daɗe ana sa masa albarka. Allah ya kiyaye na gaba, ya sa wa karatun yara albarka.