Legas Ba Tudun Mun Tsira Ba Ce

Tun kaka da kakanni Hausawa ke gangarowa Ikko, wato Legas, neman halaliya, su yada zango a Agege, Idi-Araba, Obalende ko Mile 12. A cikin matafiyan akwai 'yan daudu da aka sani da tuyar kaji da sayar da abinci a tasha, akwai kuma masu neman jinsinsu, maza da mata, da ke zaton da zarar sun bar jihohi 12 masu shari'ar Musulunci sun huta da fargaba. Wannan zaton ya jefa mutane da yawa cikin wahala.

Dokar hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014 ta tarayya ce, tana aiki a Legas kamar yadda take aiki a Kano. Ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga shiga ƙungiyar masu neman jinsi ko nuna irin soyayyarsu a bainar jama'a. A watan Agustan 2018 'yan sanda sun kama maza 57 a wani otal a Egbeda, kusa da Agege, suka baje su gaban 'yan jarida. Mutanen sun ce bikin ranar haihuwa suka je. An gurfanar da 47, sai a Oktoban 2020 Mai Shari'a Rilwan Aikawa ya kori ƙarar saboda masu gabatar da ita sun gaza kawo shaidu. Kafin nan wasunsu sun rasa aiki da muhalli.

Haɗari mafi kusa da baƙo shi ne abin da 'yan Legas ke kira kito. Wani zai ƙulla abota da kai a Facebook ko wata manhaja, ya gayyace ka ɗakinsa. Kana shiga sai ƙarti su rufe ƙofa, su ƙwace waya, su ɗauki bidiyo, su ce ko kuɗi ko a tura wa dangi. Sun san wanda suka cuta ba zai kai ƙara ba.

Don haka kada matafiyi ya bi wanda bai sani ba zuwa lungu. Ya sanar da wani amintacce inda za shi da lokacin dawowa, ya kulle wayarsa, kada ya aika wa kowa hoton da zai zame masa abin ciniki. Ya kuma tuna cewa Agege ƙaramar Kano ce, labarin da aka yi a teburin mai shayi da safe kan isa gida kafin magariba.

Idan an yi kamu, sashe na 35 na tsarin mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya ga lauya, kuma a kai shi kotu cikin awa 24 ko 48. Beli kyauta ne. Ƙungiyar TIERs da ke Legas tana taimakawa da lauyoyi.

Ku kuma jama'ar unguwa, zargi ba hujja ba ne. Duk ra'ayin mutum a kan wannan al'amari, duka da ƙwace laifi ne a doka, ƙazafi kuma babban zunubi ne a addini. Kada kowa ya ɗauki doka a hannunsa.