Lauyan da ya sa aka tsare jirgin ruwa saboda bashi: darasi ga ’yan kasuwarmu

Masu iya magana kan ce ciniki duniya ne, kuma inda duk aka yi ciniki ba a rasa bashi. Kusan duk lokacin da muka buɗe layin waya a shirinmu na ’yan kasuwa, kukan da muke ji daga Pusiga da Widana da Bawku ɗaya ne: an ɗauki albasa ko shanu ko waken suya bashi, an tsallaka Sankasi ko an gangara Kumasi, daga nan waya ta daina shiga. Wannan ne ya sa yau muka ga ya dace mu duba aikin manyan lauyoyin da suka ƙware a shari’ar kasuwanci, ko ma tsinci abin da zai amfane mu.

A Ghana, in ana lissafin irin waɗannan lauyoyi, da wuya a tsallake sunan Ace Anan Ankomah na ofishin lauyoyi na Bentsi-Enchill, Letsa & Ankomah da ke Ankara, babban birnin ƙasa. Ya karanta shari’a a Jami’ar Ghana da ke Legon, ya wuce makarantar horar da lauyoyi ta Makola wadda aka kafa a 1958, sannan ya ƙaro ilimi a ƙasar Kanada. Ya shafe fiye da shekara 30 yana wannan aiki, har ma ya koyar da ƙa’idojin shigar da ƙara a waccan makaranta ta Makola.

Shari’ar da ta fitar da sunansa a duniya ta auku ne a 2012. Ƙasar Ajantina ta kasa biyan basussukanta a 2001, kuma cikin masu bin ta akwai wani kamfani mai suna NML Capital, wanda ya yi nasara a kanta a kotunan Amurka da Ingila, amma kuɗi bai shiga hannu ba. Ana nan sai ga jirgin horar da sojojin ruwan Ajantina mai suna Libertad ya yada zango a tashar Tema. Ankomah, a madadin kamfanin, ya garzaya sashen kasuwanci na Babbar Kotu a Ankara, kuma ranar 2 ga Oktoba aka hana jirgin motsawa. Hujjarsa tana cikin takardar bashin kanta, domin a ciki Ajantina ta sa hannu cewa ta janye kariyar da ƙasashe ke fakewa da ita in an kai su ƙara.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Ajantina ta kai kuka kotun duniya mai kula da dokokin teku da ke Hamburg a Jamus, wadda ranar 15 ga Disamba ta ce a saki jirgin, saboda jirgin yaƙi ba abin da ake kamawa don bashi ba ne. Jirgin ya tashi bayan ya kwashe fiye da wata 2 a Tema, kuma a 2013 Kotun Ƙolin Ghana ita ma ta ce bai kamata a tsare shi ba. Sai a 2016 Ajantina ta daidaita da masu bin ta, wato shekara 15 bayan ta daina biya.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan mai sayar da albasa da jirgin Ajantina? Ai kuwa da ruwansa. Abu na farko, takarda ce makamin lauya. Kakanninmu sun yi fataucin goro daga Salaga ta Yendi har Kano bisa amana da shaidar maigida da dillali, amma alƙalin yau rubutu yake fara tambaya. Mu ma mun san aya mafi tsawo a Alƙur’ani kan rubuta bashi take. A rubuta suna, da yawan buhu, da farashi, da ranar biya, da ko sidi ne ko sefa, a sa hannu gaban shaidu. Wanda bai iya karatu ba, doka ta ce a karanta masa a fassara kafin ya dangwala. Haka kuma dokar kwangila ta 1960 ta ce wanda ya tsaya wa wani a bashi, sai in a rubuce ne za a kama shi.

Na biyu, bashi yana tsufa a kotu. Dokar 1972 ta ba mai bin bashin ciniki shekara 6 ya shigar da ƙara. Masu cewa a bari sai bayan kaka, kaka ta wuce a ce sai bayan Sallah, su yi hattara.

Na uku, cin shari’a daban, karɓar kuɗi daban. Ƙwararren lauya tun kafin ya rubuta sammaci yake tambayar abin da wanda ake bi ya mallaka da inda yake. A nan ne matsalarmu ta bakin iyaka take, domin Togo da Burkina Faso da Nijar suna bin dokokin kasuwanci na bai-ɗaya na OHADA, waɗanda aka ƙulla a 1993, masu babbar kotu a Abidjan, Ghana kuwa ba ta ciki. Hukuncin Bolgatanga ba ya tsallaka Pulmakom ko Kulungugu da ƙafarsa, sai an sake bin kotun can. Don haka tun ranar ciniki a rubuta inda za a je in an saɓa.

Ba kowace rigima ce ke buƙatar babban lauyan Ankara ba. A 2020 an ɗaga hurumin kotun gunduma zuwa sidi 500,000, wanda ya ɗauke mafi yawan cinikinmu. Ita kanta kotun kasuwanci da aka buɗe a 2005 da tsarin zaman sulhu gaban alƙali kafin shari’a ta zo, kuma dokar 2010 ta amince da sulhun gargajiya in ɓangarorin biyu sun yarda. Ashe zaman da sarkin zango ko shugaban ’yan kasuwa ke yi da mu yana da gindi, musamman in an rubuta abin da aka yanke.

In kuwa ta kama a ɗauki lauya, a tabbatar yana da lasisin shekarar, a yi jinga a rubuce, a karɓi rasit. Kuɗin ganin lauya kafin a loda mota bai kai na bin sawunta bayan ta ɓace ba. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya raba mu da rigima.