Shin Nauyin Damisa Yana Kaiwa Na Zaki?

TAMBAYA: Wannan takarda ta fito ne daga wani mai sauraronmu da ke aiki a wata masana'antar jima a Challawa, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso ta Jihar Kano. Ya ce musu ya ƙi ƙarewa tsakaninsa da abokan aikinsa. Wasu sun dage cewa babbar damisa takan kai kilo 200, har ma ta yi kafaɗa da zaki. Yana so mu raba gardama.

AMSA: To Malam, mun gode da takardarka. A gaskiya damisa ba ta kai haka ba. Namijin damisa da ya ƙosa yakan kai daga wajen kilo 40 zuwa kilo 90, tamatar kuwa daga wajen kilo 30 zuwa 60. Ke nan yawancinsu ba su wuce nauyin buhun siminti ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Wanda ya haura kilo 90 ma da wuya a gan shi. Shi kuwa namijin zaki yakan kai kilo 150 zuwa sama da 200.

Tsayin damisa daga ƙasa zuwa kafaɗa bai cika wuce santimita 70 ba, wutsiyarta kuma takan kai kusan mita ɗaya.

Girman ya danganta da inda take zaune da irin abincin da take samu. Ana samun manya a Iran da dazuzzukan gabashi da kudancin Afirka, inda namun daji suke da yawa. Mafi ƙanƙanta ita ce ta duwatsun Oman da Yaman, wadda namijinta ke tsayawa a wajen kilo 30.

To daga ina wannan zance na kilo 200 ya samo asali? Abu na farko, mu Hausawa suna ɗaya muke kiran dabbobi biyu da shi. Akwai wata ƙatuwa mai dogayen zane a Indiya da gabashin Rasha, wadda namijinta kan haura kilo 200. Ita ma damisa muke ce mata, amma babu ita a dajin Afirka. Tamu mai roɗi-roɗi ce.

Na biyu, kai da kake sana'ar jima ka fi mu sanin cewa ɗanyar fata tana miƙewa idan aka ja ta aka shanya. Don haka wanda ya auna fata sai ya ɗauka dabbar ta fi yadda take.

Na uku, ƙarfinta ya fi jikinta. Takan ja barewa ta hau bishiya da ita don gudun kura da zaki, wani lokaci ma abin da ta kama ya fi ta nauyi. Ba banza ake mata kirari da ƙi-sabo ba.

A Nijeriya ta yi ƙaranci ƙwarai, sai a wurare irin su gandun daji na Gashaka-Gumti a jihohin Taraba da Adamawa. Sare daji da farauta don fatarta su ne suka rage ta. Tun shekarar 1975 yarjejeniyar CITES ta hana cinikin fatarta tsakanin ƙasashe, saboda haka duk wanda aka kawo masa ita ya jeme, gara ya kiyaye.

Da fatan ka gamsu. A gaida mutanen Challawa.