Faɗan Takobi a Fim da Takobin Ƙasar Kano

Faɗan takobi na cikin abubuwan da suka fi riƙe mai kallo a fim, tun daga manyan silimun birnin Kano irin su Plaza da Orion, har zuwa gidajen kallo na Bichi, Dambatta da Tsanyawa, inda samari ke cika benci da daddare bayan an gama aikin kaka. Yanzu kuma masu tura fim a waya sun kai shi har rugage da ƙananan ƙauyuka.

A Amurka salon ya kafu da wuri. A fim ɗin Robin Hood na 1938, Errol Flynn da Basil Rathbone sun gwabza a kan matakalar fada, inuwarsu na bin bango. Indiya ta ɗauki wannan salo ta ƙara masa doki da kiɗa, kamar a Dharam Veer na 1977, wanda Dharmendra da Jeetendra suka fito a ciki.

Sai dai karawar da ta fi zama a zukatan mutanen karkarar Kano ita ce ta Badar, a fim ɗin Ar-Risala na Mustafa Akkad, wanda ya fito a 1976. Kafin runduna ta haɗu da runduna, mutum uku sun fito daga kowane ɓangare: Hamza da Ali da Ubaida suka tari Utba da Shaiba da Walid. Saboda girmamawa ba a nuna Sayyidina Ali ba, sai takobinsa Zulfiƙar mai baki biyu. Karawar gajeriya ce, amma nauyinta ya fi na dogayen faɗace-faɗace da yawa, domin mai kallo ya san tarihin tun daga makarantar Islamiyya da wa'azin masallaci.

Duk faɗan da ake gani a fim shiryayye ne. Akwai gwanin da ke tsara kowane sara da kowace kaucewa, 'yan wasa su maimaita har jiki ya haddace. Takubban dakusassu ne, marasa nauyi, ƙarar da ake ji kuwa daga baya ake sa ta.

A nan ne fim ya sha bamban da yaƙin ƙasar Hausa. Takobin Bahaushe miƙaƙƙe ne, mai kaifi biyu, ɗan'uwan na Buzaye, ana rataya shi da hamila cikin kuben fata. Barde na kan doki, sanye da sulke ko lifidi, da mashi yake fara kai hari, garkuwa ce kuma ke tare sara. Ba a yawan haɗa ƙarfe da ƙarfe, don kaifi na lalacewa. Da irin waɗannan makamai aka yi yaƙe-yaƙen Ɗan Tunku na Dambatta da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau mulki a 1819.

Fina-finan Hausa, tun daga Turmin Danya na 1990, sun fi karkata ga soyayya da zaman iyali, domin doki da sulke da horar da mayaƙa na cin kuɗi. Fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, na 2021, ya gwada nuna yaƙin Zazzau, amma da Turanci aka yi shi. Kayan aikin kuwa suna nan: maƙera na ƙira, dukawa na ɗinka kube, tawagar hakimai daga gundumomin arewacin Kano kan shiga hawan salla da takubbansu.