Shekarar 1492 a Idon Manazarcin Harshe

Abin da akasarin jama'a suka sani game da shekarar 1492, wadda ta yi daidai da 897 zuwa 898 bayan Hijira, shi ne isar Kolumbus tsibiran Amurka ranar 12 ga Oktoba. Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi wasu al'amuran shekarar waɗanda suka fi shafar manazarcin harshe.

Ranar 2 ga Janairu aka miƙa birnin Garnada, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ga Sarki Fadinan da Sarauniya Isabela. A ƙarshen Maris kuma aka kafa dokar korar Yahudawa daga Sifen. Da yawansu suka nufi ƙasashen Usmaniyya ɗauke da harshensu, wanda jikokinsu suka riƙe har aka san shi da sunan Ladino.

A watan Agusta ne Antoniyo de Nebriha ya fitar da nahawun harshen Kastiliya, wato Sifaniyanci, a garin Salamanka. Shi ne nahawu na farko na wani rayayyen harshen Turai da ya shiga ɗab'i, domin kafin nan harsuna irin su Latin ake ganin sun cancanci wannan hidima. Ya sadaukar da littafin ga Isabela, bai kuma ɓoye ba cewa al'ummun da za a ci da yaƙi za su buƙace shi. A ganinmu, ba a ba wannan aiki matsayin da ya dace da shi cikin tarihin shekarar ba.

Larabci ne ya ɗanɗana kuɗarsa, har Sarki Filib na II ya haramta shi a 1567. Amma Musulmin da suka rage sun ci gaba da rubuta Sifaniyanci da haruffan Larabci. Sunan wannan rubutu, aljamiyado, tushensa ɗaya da kalmarmu ta ajami.

A watan Afrilu aka haifi Margarita ta Nabara, marubuciyar Faransa, a watan ne kuma Lorenzo de Medici ya mutu. A Nuwamba mawaƙin Farisanci Abdurrahman Jami ya rasu a Herat, haka ma Sonni Ali, sarkin Songhai, wanda Askiya Muhammadu ya ƙwace mulki daga hannun ɗansa a 1493. Yawancin abin da aka sani game da Sonni Ali ya fito ne daga rubuce-rubucen Larabci na malaman Tambutu, waɗanda ba sa ga maciji da shi.